EcoPlate ɗina kwana uku babu launi, wa ya taɓa shiga irin wannan?

Ɗalibar mastas: Assalamu alaikum jama'a. Ina kwatanta ƙasar gonar da ake zuba wa takin gargajiya da wadda ake sa wa na zamani kawai, so nake in ga ko ƙwayoyin halittar da ke ciki sun bambanta wajen irin abincin da suke iya ci. Malamina ya ce in yi da EcoPlate na kamfanin Biolog, farantin nan mai ramuka 96, abinci iri 31 kowanne sau uku da ramin ruwa zalla, in ƙwayoyin suka ci abincin da ke rami sai ramin ya rine ya koma shunayya. Yau kwana uku kenan da zubawa amma yawancin ramukan ko alamar shunayya babu, wallahi hankalina ya tashi don farantin ba arha ba ne.

Mai aiki a ɗakin gwaji: Wa alaikis salam ƙanwata. Busasshiyar ƙasa kika sa? Ni abin da ya same ni kenan, na ɗebo a watan Maris ƙasa ta yi ƙamas, na ƙara shanya ta kamar yadda muka saba in za a auna fosfaras, ashe bakteriyar duk sun kwanta. Karo na biyu na yayyafa mata ruwa na rufe na bar ta sati guda kafin in jiƙa giram 10 a ruwan gishiri mililita 90, cikin awa 48 ramuka suka fara rina.

Wani ɗalibi: Ni zafi ne ya ɓata min. Inkubeta na kan digiri 25 aka ɗauke wuta kwana biyu ga shi babu man janareto, ramukan gefe suka ƙafe ƙaf na tsakiya kuma suka yi baƙi-ƙirin. Yanzu a leda nake sa farantin tare da jiƙaƙƙen tishu.

Mai binciken fadama: Taɓo fa! In ƙasarki mai laka ce ruwan zai yi gurɓi, na'urar auna launi ta karanta a tsawon zangon haske na nanomita 590 ta ɗauka launi ne. Ki tsinka shi sosai, ni har ɗaya cikin dubu nake kaiwa, kuma ki karanta farantin nan take bayan zubawa ki riƙa cire wannan adadin daga na kullum.

Malami: Duk abin da suka faɗa haka yake. Amma 'yata ki kula da abin da za ki rubuta, tun 1991 da Garland da Mills suka kawo hanyar nan an san bakteriya masu saurin girma a cikin ruwa su take nunawa, fangas kusan ba sa rina wannan launin, don haka kada ki ce kin auna duk rayuwar ƙasar. Ni na fi natsuwa da MicroResp da aka ƙirƙiro a Abadin ta Sikotilan a 2003, ƙasar kanta ake zubawa a ramuka a ba ta abinci a auna iskar da ta numfasa cikin awa 6. In babu kayan, ki haɗa da gwajin TTC, wani sinadari ne da ke yin ja in ƙwayoyin ƙasar na aiki, ba tsada.

Ɗalibar mastas: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Gaskiya busasshiya ce, wata biyu tana cikin buhu a ofis. Saura faranti huɗu gare ni, gobe in sha Allah zan koma gonar in ɗebo sabuwa a cikin kula mai ƙanƙara. Malam, TTC ɗin awa nawa kake barinsa?