Muhawara: ɗan Arewa mai zuwa Amurka ya bi ta Legas ko ya yada zango a wata ƙasa?

Alhaji Mai Tikiti: Salamu alaikum jama'a. Ra'ayina shi ne, duk wanda zai tashi daga Kano ko Abuja zuwa Amurka ya gangara Legas ya hau jirgin da ba ya tsayawa ko'ina. Jirgin kamfanin Delta na zuwa Atlanta daga Legas tun 2007, tafiyar awa 12 zuwa 13. United na zuwa Washington Dulles tun ƙarshen 2021. Akwati ya shiga sau ɗaya ya fito sau ɗaya, kuma ba mai tambayarka bizar wucewa. Ga dattijo ko mai goyo, biyawa ta Turai ko ƙasar Larabawa neman wahala ne.

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam. Alhaji, ai Legas ɗin ma zango ce, kuma ita ce zangon da ba shi da kariya. Tikitin Kano zuwa Legas yawanci daban ake yankarsa, a wani kamfanin da ba ruwansa da Delta. Idan hazo ya rufe filin jirgin Malam Aminu Kano a watan Janairu aka jinkirta tashi awa biyar, jirgin Atlanta zai tafi, a rubuta cewa fasinja bai zo ba, sauran tikitin har da na dawowa ya soke. Ba wanda za a kama. Ga shi a Legas sai mutum ya kwashi kayansa daga tashar jiragen cikin gida, ya nemi mota zuwa ta ƙasashen waje, a sake awo. Sannan jiragen cikin gida ba sa ba da akwati biyu masu kilo 23 irin na tikitin Amurka, dole a biya kuɗin rarar kaya. Amma wanda ya hau Qatar Airways, Ethiopian ko EgyptAir daga Kano da tikiti ɗaya, in jirgin farko ya makara, kamfanin ne zai sa shi a na gaba.

Alhaji Mai Tikiti: Hajiya, maganin wannan kwana ɗaya ne a Legas. Amma ki lissafa Doha, inda Qatar Airways ke yada zango: kusan awa 7 ana tafiya gabas, sannan a juyo yamma awa 14. Awa 21 ke nan a sama, ban da jira.

Malam Injiniya: A nan Alhaji ya yi gaskiya, ranka ya daɗe. In tsawon hanya ake dubawa, bi ta Turai ya fi bi ta Doha kusa. Abuja zuwa Frankfurt da Lufthansa kusan awa 6 ne, daga can zuwa Washington kusan 9. Landan da British Airways da Faris da Air France duk haka suke. Kasablanka ma tana kan hanya, awa 8 ce tsakaninta da New York. Addis Ababa kuwa akwai abin da mutane ba sa lura da shi: filin jirginta ya haura mita 2,300 a tudu, iskar wurin ba ta da kauri, don haka jirgi ba ya iya tashi da cikakken mai da cikakken kaya. Shi ya sa jiragen da ke nufar Amurka daga can suke tsayawa shan mai a hanya. Wanda ke son Ethiopian ya duba ta Lome: ASKY ta kai shi Togo, ya hau jirgin Ethiopian mai zuwa Newark daga nan, ba sai ya je gabashin Afirka ya dawo ba.

Hajiya Babba: Malam, ka yi maganar Turai ba ka taɓo biza ba, kuma nan ne ake mayar da mutane gida tun daga wurin awon kaya.

Lauyan Zaure: Bari in warware wannan, Hajiya. Mai fasfon Najeriya ko Ghana yana cikin waɗanda ƙasashen Schengen, wato ƙasashen Turai da suka cire binciken iyaka a tsakaninsu, ke nema wa bizar wucewa ko da ba zai fita daga filin jirgi ba. Amma an ɗauke wa wanda ke riƙe da bizar Amurka ko Kanada mai aiki. Tarkon yana wajen zango biyu. Idan tikiti ya ce Abuja, Frankfurt, Amsterdam, sannan New York, jirgin tsakiyar nan kamar na cikin gida ne a wurinsu, sai an buga wa mutum hatimin shiga. Wannan cikakkiyar bizar Schengen yake buƙata, ta Amurka ba za ta cece shi ba. Irin waɗannan tikitin ne sukan fito da araha a intanet. Kanada kuma ba ta duba bizarka ta Amurka: ɗan Najeriya da zai biya ta Toronto ko Montreal sai ya nemi tata bizar wucewa. Haka mai zuwa Kanada ta Atlanta, Amurka ba ta da ɗakin masu wucewa, kowa sai ya shiga ƙasar da biza.

Malam Injiniya: Duk da haka Turai na da riba guda. Dokarsu mai lamba 261 ta 2004 tana biyan diyya har yuro 600 idan an makarar da fasinja a doguwar tafiya.

Lauyan Zaure: A yi hattara da wannan, Malam. Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a watan Fabrairun 2022 cewa idan tikiti ɗaya ne, mafarinsa da ƙarshensa duk a wajen Tarayyar suke, zango kawai aka yada a cikinta, dokar ba ta hau kansa ba. Abuja zuwa Washington ta Frankfurt irinsa ne. Abin da ya rage wa fasinja shi ne Yarjejeniyar Montreal ta 1999. In akwati bai iso ba, a cike takardar ƙorafi kafin a bar filin jirgi, a adana ɗan sitikan da aka manna a katin shiga. Bayan kwana 21 ana ɗaukarsa ɓatacce. In kuwa ya iso a fashe, kwana 7 ne wa'adin kai kuka a rubuce.

Ɗan Yamai: Mu a Nijar wannan gardamar ba ta kai mu Legas. Air France ba ta sauka Yamai tun 2023, saboda haka zaɓinmu Royal Air Maroc ta Kasablanka, Turkish ta Istanbul, ko ASKY ta Lome. Kuma Alhaji, ka tuna da abinci. A Turkish, Qatar, EgyptAir da Royal Air Maroc halal ne ga kowa. A kamfanonin Turai da Amurka sai an nemi abincin Musulmi tun da wuri, aƙalla kwana biyu kafin tashi, in an manta shi ke nan.

Alhaji Mai Tikiti: Na karɓi maganar abinci da ta tikiti biyu. Amma har yanzu ina kan bakana ga wanda garinsa Atlanta ne ko Washington.

Hajiya Babba: To ai mutum nawa ne nan ce ƙarshen tafiyarsu? Mai zuwa Houston, Minneapolis ko Columbus, ko ta Legas ya bi sai ya sake hawa wani jirgin, kuma zangon cikin Amurka ya fi na Doha wuya. A garin da aka fara sauka ake bin layin jami'an shige da fice, a ɗauki akwati daga kan bel ko da an rubuta masa garin ƙarshe, a wuce kwastam, a miƙa shi a teburin mayar da kaya, a sake bin binciken tsaro. Kwamfuta za ta sayar maka da tazarar awa ɗaya da rabi, kada ka yarda da ƙasa da awa uku. Wanda aka tsayar domin ƙarin tambayoyi, ko aka ga kilishi a jakarsa, awa biyu ba ta isarsa. Nama kowane iri ne a bayyana shi, ƙwacewa za su yi, ɓoyewar ce ke jawo tara. Shi ya sa nake cewa a fara da tambayar wane kamfani ne ke sauka garin da za ni kai tsaye daga cibiyarsa. Turkish da Qatar duk suna sauka Houston da Chicago. Lufthansa ma haka.

Malam Injiniya: A ƙara da wannan: a duba kamfanin da ke da jirgin, ba wanda ya sayar da tikitin ba. Delta da Air France da KLM ƙawance ɗaya suke, United da Lufthansa da Turkish da Ethiopian ɗaya, British Airways da American da Qatar ɗaya. Tikiti kan ɗauki lambar wani alhali jirgin na wani ne, kuma teburin mai jirgin za ka nema ranar tafiya. A filin jirgin Heathrow na Landan, in za a sauya daga tasha ta 5 zuwa ta 3, mota ake hawa a sake bincike, a bar awa biyu da rabi.

Alhaji Mai Tikiti: To Hajiya, ga dattijuwa mai keken guragu za ta Atlanta wurin ɗanta, daga Kano. Doha za ki kai ta?

Hajiya Babba: A'a Alhaji, wannan Legas za ta bi, da ɗan rakiya har bakin awo, ta kwana biyu a can in lokacin hazo ne. A kuma rubuta buƙatar keken a cikin tikitin tun ranar yanka, a sake kiran kamfanin ana jibi tafiya a tabbatar.