Na cire kafireto na saka injekta, yanzu injin yana yankewa idan na taka totur

Assalamu alaikum 'yan uwa masu harkar tsofaffin motoci, don Allah ku taimaka min, sati uku kenan abin nan ya hana ni barci. Motata ƙirar 1978 ce, na cire mata kafireto na ɗora injekta mai kwamfutarta, a silo lafiya lau take tashi babu ko tari, amma da zarar na taka totur gudun injin ya haura juyi 2500 a minti ɗaya sai ta fara fizga, a laftof ɗin da na jona da kwamfutar motar ina ganin allurar gudun injin ta yi tsalle zuwa 7000 ta dawo cikin ƙiftawar ido, wani lokacin ma kwamfutar ta mutu ta sake tashi da kanta.

Na canza fulogi zuwa masu rezista, na canza wayoyinsu, na mayar da atin ɗin kwamfutar jikin injin bayan na goge tsatsar da sanfefa har ƙarfen ya yi ƙyalli. Ya ragu amma bai tafi ba.

Abin da ya ɗaure min kai, jiya na zare soket ɗin wayar altaneta na tayar da ita a kan batir kawai, wallahi tas ta yi, ko fizga ɗaya babu. To diyod ne ya lalace a cikin altanetan, ko kuwa wayar sensan kiranshaf (mai gaya wa kwamfutar gudun injin) ce da ta bi kusa da koyil take ɗaukar hayaniyar lantarki? Sannan rigar ƙarfen da ke lulluɓe da wayar sensan na haɗa ta da atin a gefe biyu, wani rewaya ya ce gefen kwamfuta kaɗai ake haɗawa, haka ne? Da wanne zan fara kafin in sake kwance komai?