Yaya aka yi gwamnatin de Gaulle ta tsallake rijiya da baya a zaɓen 1967?

Malam Sani Garba: Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga masana tarihin siyasar Faransa game da zaɓen 'yan majalisar dokoki na ranakun 5 da 12 ga Maris, 1967. Magoya bayan Shugaba Charles de Gaulle ne suka zo na ɗaya a zagayen farko, kuma kowa ya ɗauka nasara ta tabbata, amma da aka kammala zagaye na biyu sai ga shi da kyar suka kai kujeru 244 da ake buƙata daga cikin 487. Me ya faru a cikin wannan mako guda?

Hajiya Rabi Usman: Wa'alaikumus salam, Malam. Amsar tana cikin yarjejeniyar da 'yan adawa suka ƙulla a Disamba 1966. Ƙawancen jam'iyyun adawa da ɗan siyasa François Mitterrand ke jagoranta da kuma jam'iyyar Kwaminisanci sun amince cewa a kowace mazaɓa, wanda ya zo baya a cikinsu zai janye wa ɗan'uwansa a zagaye na biyu, don kada ƙuri'unsu su rarrabu. Magoya bayansu kuwa suka bi umarni fiye da yadda gwamnati ta zata, har 'yan Kwaminisanci suka samu kujeru 73. Mitterrand ya riga ya gwada wannan haɗin kai a 1965, lokacin da ya tilasta wa de Gaulle zuwa zagaye na biyu a zaɓen shugaban ƙasa, kuma ina ganin sakacin gwamnati shi ne da ta raina wannan gargaɗi. Hatta ministan harkokin waje, Maurice Couve de Murville, ya sha kaye a mazaɓarsa a Paris, kuma sai da sakamakon yankunan Faransa da ke ƙetaren teku ya iso kafin hankalin gwamnati ya kwanta.

Malam Bello Tukur: Hajiya ta faɗi gaskiya, sai dai ni abin da ya fi jan hankalina shi ne ɓarakar cikin gida. An sauke Valéry Giscard d'Estaing daga ministan kuɗi a Janairu 1966, kuma bai ɓoye ɓacin ransa ba. Bayan zaɓen, gwamnatin Firaminista Georges Pompidou ba ta da rinjaye sai da goyon bayan 'yan majalisar jam'iyyar da Giscard ke jagoranta, wato mutumin da aka ajiye gefe ne ya koma mai riƙe da akalarta.

Malam Sani Garba: Na gode ƙwarai. To, ta yaya Pompidou ya iya mulki a haka?

Hajiya Rabi Usman: Ya nemi majalisa ta ba shi ikon kafa dokoki kai tsaye a kan tattalin arziki da inshorar ma'aikata, abin da ya jawo yajin aikin gama-gari a Mayu 1967. Majalisar ma ba ta yi tsawon rai ba, domin de Gaulle ya rushe ta a ranar 30 ga Mayu, 1968, a tsakiyar boren ɗalibai da ma'aikata, kuma a zaɓen Yuni jam'iyyarsa ita kaɗai ta samu cikakken rinjaye.