Wace kalma za mu ba wa chaperone a Hausa?

Jama'a masu bayoloji, ku taimaka mu tsayar da magana ɗaya kan wannan kalmar, don duk mai son yin bayanin yadda ƙwayar halitta take gina kayan cikinta da Hausa sai ya ci karo da ita, kuma har yanzu kowa da yadda yake faɗa.

Ga aikin abin tukuna kafin a yi gardama. Furotin yana fitowa daga ribosom, wato injin ƙera furotin a cikin ƙwayar halitta, a matsayin dogon zare na amino asid, ƙananan tubalan da ake jera shi da su, ba zai yi aikin komai ba sai ya naɗe ya ɗauki siffarsa. Christian Anfinsen ya nuna cewa bayanin naɗin yana cikin jerin amino asid ɗin kansa, a kan haka ya samu Nobel a 1972. To amma a kwalbar gwaji ya yi, cikin ƙwayar halitta kuwa cunkoso ne, sabon zare kafin ya gama naɗewa sai ya manne da na kusa da shi su dunƙule su lalace. Shi ne ƙwayar take ƙera wasu furotin na musamman da za su riƙe sabon har ya daidaita, sai su sake shi su kama wani. Ron Laskey ne ya sa musu wannan suna na chaperone a 1978, a kan wani furotin na ƙwan kwaɗo, John Ellis kuma ya faɗaɗa ma'anar a 1987.

Misalin da na fi so a jininmu yake. Himogulobin, furotin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini, sarƙa huɗu ne na amino asid, alfa 2 beta 2, kuma alfa idan tana ita kaɗai saurin lalacewa take yi har ta cutar da jan ƙwayar jini, sai wani ƙaramin furotin mai suna AHSP ya riƙe ta, beta na zuwa ya sakar mata ya koma gefe. Ka duba himogulobin da ya kammala ba za ka ga AHSP a jikinsa ba. Wannan shi ne sharaɗin da nake so kalmarmu ta cika, yana taimakon gini amma ba ya zama cikin ginin.

Wani ɗan'uwa ya ce a ce ɗan rakiya tunda ma'anar kalmar ta asali kenan. Malam ban yarda ba gaskiya. Mu a wajenmu in aka ce wane ɗan rakiya ne a takara ai an gama da shi, yana nan ne kawai ba ya tsinana komai. Ɗalibi zai ɗauka abin banza ne, alhali ƙwayar bakteriyar E. coli mutuwa take yi in aka cire mata wani chaperone mai suna GroEL. Shi GroEL ɗin zobe biyu ne a haɗe, kowanne da ɓangare 7, furotin ya shiga ramin, wani furotin mai suna GroES ya rufe bakin, a ƙona ATP, wato makamashin ƙwayar halitta, bayan kamar daƙiƙa 10 a buɗe, in bai naɗu ba a sake mayar da shi. Wannan ne za a kira ɗan rakiya?

Mataimaki kuma ta yi faɗi da yawa, enzayim, furotin da ke hanzarta haɗuwar sinadarai, shi ma ai taimako yake yi. Masu cewa a bar ta shafaron kawai ban ƙi ba a jarrabawa, amma yaron da ya ji shafaron bai ƙaru da komai ba.

Ni dai ungozoma nake so. Ba ita ta yi ɗan ba, ba kuma za ta zauna a gidan ba, amma rashinta na iya jawo asara, kuma tana gamawa wani gidan ke jiranta. Wata malama ta kawo ƙorafi mai ƙarfi, ta ce ungozoma aikinta ranar haihuwa ne, su kuwa wasu chaperone irin su Hsp70 suna dawowa kan tsohon furotin idan zafi ya fara warware shi, shi ya sa ma ƙwayar ke ƙara yawansu in zafi ya tashi, abin da Ferruccio Ritossa ya fara ganin alamarsa a ƙudan 'ya'yan itace a 1962. Haka ne Malama, sai dai ko ta gargajiya ai tana ci gaba da zuwa wankan jariri da duba cibi, in wani abu ya taso ita ake fara aika wa. Na ga kalmar za ta iya ɗauka.

Saura tsari. Ungozomar furotin nake ganin ya fi, jam'i ungozomomin furotin, a ce Hsp70 ungozomar furotin ce. Waɗanda suke taimakon harhaɗa ribosom kuwa, waɗanda a ƙwayar yis ɗin burodi sun haura 200, ko su ma ungozomomi za mu ce ko a nemo musu tasu daban? Mutanen Damagaram da Sakkwato ku faɗa mana in akwai wata kalmar da ta fi zama a bakinku.