Shin ƙungiyar ajiya da lamuni tana ba ƙaramin manomi bashin noma?

Ɗan Aboabo, Kumasi:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ƙanena yana noman masara eka uku kusa da garin Ejura a nan Gana, kuma kowace shekara daga hannun masu sayen hatsi yake karɓar kuɗin tarakta da taki da maganin ciyawa, bisa sharaɗin zai biya da buhuna da kaka, lokacin da masara ta fi araha. Banki ya nemi jingina, alhali gonar ta haya ce. An ba ni shawarar ya shiga ƙungiyar ajiya da lamuni. Shin suna ba da bashin noma, kuma kuɗin mutum yana da aminci a wurinsu?

Tsohon malami, Asawase:
Wa alaikumus salam, ɗana. Suna bayarwa, kuma tsarin ba baƙo ba ne a Gana, domin ta farko a Afirka a Jirapa aka kafa ta a 1955, a tsakanin manoman arewa maso yamma, sannan aka kafa uwar ƙungiyarsu, wato CUA, a 1968. Mambobi ne suke da ita. Mutum yakan sayi hannun jari, ya yi watanni yana ajiya, sannan a ba shi rance gwargwadon abin da ya tara, 'yan'uwansa mambobi su tsaya masa maimakon takardar gona. Game da aminci, kada ka haɗa su da kamfanonin ƙananan rance 347 da Babban Bankin Gana ya soke lasisinsu a 2019. Duk da haka ka tabbatar tana ƙarƙashin CUA, kuma tana karanta wa mambobi lissafinta a taron shekara.

Manomi daga Ejura:
Maganar Malam gaskiya ce, amma ni abin da ya fi damuna shi ne lokaci. Yawancin ƙungiyoyin cikin Kumasi sun saba da ma'aikata da 'yan kasuwa, saboda haka biyan wata-wata suke nema, manomi kuwa ba ya ganin ko sidi ɗaya sai masara ta bushe. Ƙanenka ya nemi kuɗin su fito kafin shukar Maris ko Afrilu, domin takin da ya zo bayan masara ta yi bunƙasa asara ne. Ya kuma nemi a rubuta cewa biya sai bayan girbi da wata biyu ko uku, don kada a tilasta masa sayarwa ranar da kowa yake sayarwa. Haka kuma ya tambayi abin da suke yi idan damina ta ɓaci. Mun ga ɓarnar tsutsa a 2017 da fari a 2024, kuma idan mambobi duk manoman yanki ɗaya ne, tare suke kasa biya, asusun ya ƙafe.

Hajiya, Sabon Zango:
Ƙannena, ba ku taɓo kuɗin ruwa ba, alhali shi ne ya hana mutanenmu da yawa shiga. Malamai sun bayyana hanyar halal: ƙungiya ta sayi takin da irin da kanta, ta sayar wa manomi bashi a kan farashin da aka yanke tun farko, wanda ba ya ƙaruwa ko biya ya jinkirta. Ku je ku da yawa ku nemi a yi muku haka, domin kowane mamba ƙuri'a ɗaya gare shi a taro.