Za mu sake ginin masallacin unguwarmu, ƙasa ko bulo?

Ɗan Argungu:
Salamu alaikum 'yan uwa. Masallacinmu na ƙasa ya tsufa, kwamiti sun ce a rushe a yi na bulo da kwano da tayil, ni kuma wallahi raina bai kwanta ba, duk wanda ya yi azahar ƙarƙashin kwano a watan Afrilu nan Kebbi ya san mi nike nufi. Sannan matasa na son a zana ganye da furanni a bango. Shin ya halatta? Kuma ginin ƙasa zai iya daɗewa?

Magini_Jega:
Wa alaikumus salam. Zai daɗe mana in an samu gwani. Tubali mai kauri shi ke tare zafin rana, sai dare ya sake shi, shi ya sa ciki ke da sanyi. Azarar giginya kuwa gara ba ta cinta da sauƙi. Je ka Zariya ka ga bakan gizo da ɗaurin guga, wato lanƙwasasshen ginin ƙasa mai ɗauke da rufi, da shahararren magini Babban Gwani ya yi a masallacin Juma'a tun wajen 1830, ɗakin sallar na nan har yau. Amma ku da ke kusa da fadama dole tushe ya zama dutse da siminti, a sa indararo mai tsawo, kuma yaɓe duk shekara kafin damina, in kun san ba za ku iya ba kar ku fara.

Almajirin Gwandu:
Zanen ganye da bishiya malamai ba su hana ba, mai rai ne matsala. Sai dai ku bar bangon alƙibla fili. Masallacin Annabi (SAW) ginshiƙansa kututturen dabino ne, rufinsa ganyen dabino, har ruwa na zuba ya yi sujada cikin taɓo. Sayyidina Umar ma da zai faɗaɗa shi ya gargaɗi magini kan ja da rawaya don kar a shagaltar da masu salla.

Hajiya Mai Shinkafa:
Malam magini, azarar nan ina take yanzu? Giginya ta yi ƙaranci, ga tsada. Mu bulo munka yi amma an ɗaga rufi sama sosai, tagogi suna kallon juna, munka dasa darbejiya huɗu, ruwan alwala ke bi ta kwata yana shayar da su. Yanzu tsofaffi can suke zama jiran la'asar.

Ɗan Argungu:
Hajiya na gode, maganar ruwan alwalar nan ta shige ni. Magini, in mun bar tsohon bangon munka sake rufi kawai, zai ɗauka?