Neman shawara: darussa uku sun cakuɗe mini, ga jarrabawa ta matso

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ɗaliba ce, shekarata ta farko a jami'a a nan Marwa. Zangon nan an haɗa mana ilimin halayyar ɗan Adam, ilimin zamantakewa, da darasin sassan ƙwaƙwalwa, duka da Faransanci. Yau in haddace sunayen sassan ƙwaƙwalwa irin su lobe frontal da hippocampe, gobe a kawo masanin zamantakewa Durkheim, jibi Pavlov da karnukansa. In na zo bita sai in ga kamar ban taɓa karantawa ba. Ban ma gane abin da ya haɗa su ba. Don Allah, waɗanda suka riga mu, ta ina zan fara?

Wani ma'aikacin jinya, Garwa:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ajiye takardun tukuna, ki je wurin mahauta ki sayi kan rago, ki roƙi mahaucin ya fasa shi a hankali, kada ya dagargaza ƙwaƙwalwar. Ki sa ta a faranti ki duba. Za ki ga ɓari biyu masu lanƙwashe-lanƙwashe. A bayansu akwai wani ɗan curi mai siraran layuka, shi ne cervelet, mai daidaita tafiya da motsi. Ƙarƙashi kuma wani farin kara ne da ya gangara zuwa laka, tronc cérébral, inda ake sarrafa numfashi da bugun zuciya. Ki ɗan buɗa ɓarin biyu da yatsa, za ki ga farar gada da ta haɗa su, corps calleux ke nan. Ta rago ƙarama ce, gabanta bai kai na mutum girma ba, amma tsarin kusan ɗaya ne.

Ta mutum nauyinta wajen kilo 1.4, ƙwayoyin jijiyarta kusan biliyan 86, kuma fiye da rabinsu a ɗan cervelet ɗin nan suke. Sauran ki koya a kanki: sashen goshi, wato lobe frontal, aikinsa tsara abu da kame kai; na ƙeya, gani; na gefen kunne, ji, kuma can cikinsa hippocampe yake; daga tsakar kai zuwa baya, taɓawa.

Wata malamar sakandare, Ngaundere:
'Yata, abin da ya haɗa su mutum ɗaya ne, kowane darasi kuma daga inda yake kallonsa. Ɗauki dattijon da ya samu shanyewar ɓarin jiki, hannun dama da ƙafar dama suka mutu, magana ta ɗauke. Kusan kowace unguwa akwai irinsa.

Mai karatun ƙwaƙwalwa zai ce ciwon a ɓarin hagu yake, don hagu ke juya dama, kuma a yawancin mutane cibiyar furuci a can take. Likitan Faransa Paul Broca ne ya nuna haka a 1861, da wani majinyaci a Paris wanda ba ya iya furta komai sai "tan". Da ya rasu aka duba, aka samu lalacewa a gaban ɓarin hagu.

Mai ilimin halayya zai tambayi abin da ke ran dattijon. Yana jin abin da ake faɗa, yana fahimta, amsa ta ƙi fita. Shi ya sa yake ture kwanon abinci, ko ya juya fuska bango in baƙi sun shigo.

Mai ilimin zamantakewa kuwa tsakar gida zai duba. Wa ya yanke shawarar a fara zuwa wurin mai magani kafin asibiti? Me ya sa aka ce iska ce ta buge shi? Wa ke juya shi da dare, matarsa ko 'yarsa da aka cire daga makaranta? Wa ya karɓi maganarsa a majalisar ƙofar gida? Abin da Durkheim ya yi ke nan a 1897, da ya nuna ko kashe kai, wanda ake gani lamarin mutum shi kaɗai ne, yawansa na bambanta tsakanin masu aure da marasa aure, da tsakanin 'yan Katolika da 'yan Furotesta. Kuma ƙarnuka kafin shi Ibn Khaldun ya yi bayanin asabiyya, ƙarfin haɗin kan jama'a, a 1377. Ki sa shi a amsarki, yana da gurbi.

Wani ɗalibi, shekara ta uku:
Anti ta yi bayani, amma gaskiya ranar jarrabawa ma'anar da ke cikin takarda ake nema. Ki haddace kawai.

Wani malami, Kusseri:
Hadda ba laifi, ɗana, yadda ake yinta ne matsalar. Masanin halayya Hermann Ebbinghaus ya gwada hadda da mantuwa a kansa, ya wallafa a 1885: mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko bayan karatu, daga nan ta rage sauri. Maganinta bita a rarrabe, yau, gobe, bayan kwana uku, bayan mako, kamar yadda mahaddaci ke tilawa don kada karatu ya zube. Ki rufe littafin ki faɗa da ka, sannan ki buɗe ki ga inda kika ɓata. Kuma ki daina kwana karatu da shayi. Hippocampe ɗin da kike haddace sunansa shi ke taimakawa wajen ajiye sabon abu, kuma barci na ƙarfafa aikin. A Amurka a 1953 an cire wa wani mai farfaɗiya yawancin hippocampe ɗinsa ta ɓangarori biyu, daga ranar bai ƙara riƙe sabon abin da ya faru da shi ba, alhali yana tuna yarintarsa.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Yaya na Garwa, Pavlov fa, a wane ɓangare zan sa shi?

Ma'aikacin jinya, Garwa:
Halayya, babin koyo, duk da shi kansa masanin aikin jiki ne, kyautar Nobel ɗinsa ta 1904 ma a kan narkewar abinci ya samu. Karnukansa sun koyi zubar da miyau da zarar sun ji alamar da ke zuwa kafin abinci. Ki rubuta shi da misalin yaron da ke fara kuka da ya hango farar riga tun ba a fito da allura ba. Kan ragon kuma ki je da sassafe, in rana ta yi ƙwaƙwalwar laushi take yi, ba za ki ga komai ba.